Ga Ƙoshi Ga Kwanan Yunwa: Tsadar Jirgin Shaƙatawa da Rabon Talaka a Ruwan Tiga

1.0 Gabatarwa

Allah ya hore wa kudancin Jihar Kano ruwa. Kogin Kano yana gangarowa daga duwatsun da ke kudu, ya ratsa dajin Falgore ta ƙasar Doguwa da Tudun Wada, kafin a tare shi a Tiga cikin ƙaramar hukumar Bebeji. Madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974 a zamanin mulkin Audu Bako, ta haifar da tafkin da faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 178, kuma babu kamarsa a faɗin jihar. Kusa da shi akwai tafkin Bagauda, shi ma a Bebeji. Mutumin Badafi ta ƙaramar hukumar Kiru ba ya buƙatar guzurin kwana kafin ya isa ɗaya daga cikinsu.

Duk da wannan kusanci, yara da yawa a wannan yanki sukan girma har su yi iyali ba su taɓa zama cikin jirgin ruwa domin nishaɗi ba. Jirgin shaƙatawa sai dai su gan shi a fim, ko a hoton wani attajiri a tafkin Jabi na Abuja ko a gaɓar tekun Legas. Idan aka tambayi dalili, amsar da ke bakin kowa ita ce tsada. Amsar gaskiya ce, amma ba ta cika ba. Ra'ayin wannan maƙala shi ne, jirgin shaƙatawa na zamani ya fi ƙarfin talaka, kuma babu alamar zai daina fin ƙarfinsa, saboda haka neman a sauƙaƙa masa saye ɓata lokaci ne. Abin da ya cancanci a nema masa shi ne kujera a cikin jirgin haya mai aminci, a farashin da magidanci zai iya biya wa iyalinsa ranar Sallah.

2.0 Inda Tsadar Take

Wanda ya sayi jirgin shaƙatawa abubuwa da dama ya saya a lokaci guda. Akwai gangar jikin jirgin, wadda galibi ake ƙerawa da faiba. Akwai injin da ake rataye masa a baya, irin na kamfanin Yamaha ko Suzuki, wanda sau da yawa kuɗinsa kan yi kunnen doki da na jirgin kansa. Akwai tirelar da za a ɗora shi, da motar da za ta ja tirelar, da wurin ajiya, da mai gadi, da bakaniken da ya san injin ruwa, wanda samunsa a Arewa sai an tona. Kusan dukkan waɗannan kayayyaki daga waje ake shigo da su, da dala ake biya, sannan a biya kuɗin fito a tashar jiragen ruwa, a kuma biya kuɗin dakonsu daga Legas zuwa Kano.

Wannan ya sa makomar farashin jirgi take ɗaure da makomar naira. Kafin watan Yuni na 2023 farashin dala a hukumance yana wajen naira 460. Da aka saki naira ta nema wa kanta daraja a kasuwa, sai ga dala ta haura naira 1,500 a cikin 2024. Haka kuma, cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023 ya ɗaga litar mai daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da naira 1,000 a ƙarshen 2024. Injin jirgi kuwa mashayin mai ne, domin tura jiki cikin ruwa ya fi gungura taya a kan kwalta cin ƙarfi.

A ɗauki misali domin lissafi kawai. A ce ƙaramin jirgi na iyali da injinsa ya tsaya a kan dala 10,000, wanda a kasuwar irin waɗannan jirage ba a kiransa mai tsada. A canjin naira 1,500, kuɗinsa ya kama naira miliyan 15. Mafi ƙarancin albashi da Gwamnatin Tarayya ta amince da shi a watan Yulin 2024 naira 70,000 ne, Jihar Kano kuma ta sanya nata a naira 71,000. Ma'aikacin da ke kan wannan mataki sai ya tara albashin wata 211, wato fiye da shekara 17, bai ci ba bai sha ba, kafin ya mallaki jirgin da bai da kuɗin zuba masa mai. Mafi yawan magidantan Badafi da kewaye ma ba 'yan albashi ba ne. Manoman masara da dawa da shinkafa da rake ne, waɗanda kuɗi ke shigo musu da kaka, taki da magani da hidimar aure su cinye shi kafin bazara.

Ko a Amurka da ƙasashen Turai, inda samu ya ninka namu sau da yawa, an san mallakar jirgi da cin kuɗi, har ya sa mutane da dama suka gwammace haya ko shiga ƙungiyar da ke da jiragen tarayya. Idan masu dala sun koma haya, babu hikima a ce mai naira ya sa ran mallaka.

3.0 Ruwan na Wane Ne?

Tarihin Tiga da Bagauda yana da darasi a kan wannan batu. Audu Bako, wanda ya mulki Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, bai tsaya ga noman rani kaɗai ba, ya yi tunanin shaƙatawa. A zamaninsa aka kafa gidan namun daji na Kano da ke ɗauke da sunansa a yau, aka kuma gina otal a bakin tafkin Bagauda. A Tiga ma an gina otal na Rock Castle a kan dutse yana kallon ruwa. Shekara hamsin bayan haka, kowa yana iya ganin abin da ya rayu da abin da ya dusashe. Gidan namun daji har gobe cika yake maƙil da yara da iyayensu a kowace Sallah. Otal ɗin Bagauda ya daina karɓar baƙi, ya zama reshen Kano na Makarantar Horar da Lauyoyi ta Nijeriya. Rock Castle kuwa ya shafe shekaru masu yawa darajarsa tana ja da baya.

Bambancin a fili yake. An gina gidan namun daji a kan kuɗin tikitin talaka, kuma babu wanda aka ce sai ya mallaki zaki kafin ya kalli zaki. Su kuwa wuraren bakin ruwa an gina su ne da tunanin manyan ma'aikata da Turawa da baƙin gwamnati. Da waɗannan suka ɗauke ƙafa, sai ya zama babu wanda zai riƙe wurin, domin tun farko ba a saba wa mutanen gari da shi ba. Shaƙatawar da ta dogara ga tsirarun masu hali tana mutuwa ranar da suka sami wani wurin zuwa.

Akwai kuma batun haƙƙi. Tafkin Tiga a kan gonaki da garuruwan mutane ya kwanta. Dubban jama'a aka tasa daga gidajen kakanninsu domin a tara wannan ruwa. Amfaninsa mafi girma kuwa gangarawa yake yi arewa: shi ke shayar da gonakin rani na Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, shi ke ciyar da matatar ruwa ta Tamburawa wadda birnin Kano ke sha daga gare ta. Makwabtan ruwan su ne ke fama da sauro da tsargiya, kuma mutanen Bebeji ba su manta da ɓallewar madatsar Bagauda a watan Agustan 1988 ba, wadda ta ci rayuka da gidaje da gonaki. Al'ummar da ta ɗauki wahalar ruwa har haka tana da rabo a cikin daɗinsa. Idan aka bar tsadar jirgi ta zama katanga tsakaninta da tafkin, an maimaita mata abin nan da Hausawa ke cewa ga ƙoshi ga kwanan yunwa.

4.0 Wasan Ruwa Ba Baƙo Ba Ne a Ƙasar Hausa

Wasu suna ɗauka cewa yawo a jirgi domin nishaɗi ɗabi'ar Turawa ce, Bahaushe mutumin tudu ne. Tarihi bai goyi bayan wannan zato ba. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ake danganta farkonsa a sigarsa ta yanzu da shekarar 1934, yana ƙunshe da wasannin Kabanci, inda ake tseren kwale-kwale da ninƙaya da nutso da kamun agwagwar ruwa. A 2016 hukumar UNESCO ta sanya bikin cikin jerin al'adun gado na duniya. A Yawuri akwai bikin Rigata, wanda jigonsa gwanintar tuƙi ne a kan kogin Neja. Sarkawa sun shahara da su da sanin ruwa, kuma sarautar Sarkin Ruwa sananniya ce a garuruwan Hausa masu kogi ko tafki. Harshen kansa shaida ne, domin al'ummar da ba ta san ruwa ba ba za ta ce iya ruwa fidda kai ba.

Abin lura shi ne, duk waɗannan wasanni da jirgin katako da filafili ake yin su. Babu dala a ciki, babu fetur. Jirgin da masunci ke fita da shi da asuba domin duba komarsa shi ne jirgin da ake tsere da shi ranar biki. A Tiga ma akwai masunta da 'yan fito da suka san zurfin tafkin da lokacin iskarsa da wuraren da kututturan itatuwa ke ɓoye a ƙarƙashinsa. Ilimin yana nan, jiragen suna nan. Tsari ne kawai ba a yi ba.

Sauran ƙasashe ma ta wannan hanya suka bi. A Misra, iyalai masu ƙaramin ƙarfi suna hawan jiragen iska na haya a kan kogin Nilu da yamma. A Dubai, birnin da ya tara jiragen alfarma, jirgin katako na fito yana tsallakar da mutum mashigin tsohon gari a kan dirhami ɗaya. A Yamai, masu kwale-kwale suna ɗaukar mutane yawo a kogin Neja. A dukkan wuraren nan attajiri yana da jirginsa, talaka kuma yana da tikitinsa, kuma ruwan ya ishe su.

5.0 Hujjojin Masu Suka

Akwai hujjoji uku da mai hankali zai iya kawowa a kan wannan ra'ayi, kuma kowacce ta cancanci amsa.

Ta farko ita ce ta yunwa. Za a ce mutanen da ke fafutukar abin sawa a bakin salati ina su ina yawon jirgi, ana ta kai wa yake ta kaya. Amma talaka bai taɓa daina neman nishaɗi ba, kuma yana biya. Yana biyan kuɗin gidan kallon ƙwallo, yana biyan kuɗin shiga filin dambe, yana ɗinka wa 'ya'yansa kayan Sallah ya kai su gidan namun daji ko kallon hawa. Magidancin Kiru da ya kai iyalinsa Kano yawon Sallah ya bar kuɗinsa a Kano. Da akwai abin kallo a Tiga, da kuɗin sun tsaya a hannun ɗan fito da mai suyar kifi da mai shayi da ɗan acaɓa na yankin. Ta wannan fuska, jirgin haya sana'a ce ga matasan da a yanzu suke tafiya cirani birni.

Ta biyu ita ce ta haɗari, kuma ita ce mafi nauyi. Kanawa ba za su manta da ranar 30 ga Nuwamba, 2021 ba, lokacin da jirgi ya kife a madatsar Watari tsakanin Badau da Bagwai, aka rasa rayuka aƙalla 29, yawancinsu ɗaliban Islamiyya da ke kan hanyar zuwa Maulidi. A watan Mayun wannan shekarar wani jirgin ya nutse a yankin Warra ta Jihar Kebbi da mutane masu yawan gaske. Duk uban da ya ji waɗannan labarai yana da hujjar hana ɗansa kusantar ruwa. Sai dai idan aka duba irin waɗannan haɗurra, dalilai guda ne ke maimaituwa: lodi fiye da ƙima, tsohon jirgi, tafiya bayan faɗuwar rana, da rashin rigar da ke hana nutsewa. Waɗannan duka abubuwa ne da tsari ke magancewa, kuma ƙa'idojin Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa ta Ƙasa sun riga sun hana su. Jirgin shaƙatawa ma ya fi na fito sauƙin tsarewa, domin babu mai gaggawa, babu kaya, babu babur a ciki, kuma ana iya dakatar da shi duk lokacin da hadari ya taso. Bugu da ƙari, mashigin da aka saba sanya rigar ruwa a cikinsa makaranta ce. Yaron da ya saba da ita ranar nishaɗi zai neme ta ranar da ya zama dole ya hau jirgin fito. Nisantar da jama'a daga ruwa bai hana su nutsewa ba, domin dole takan kai su gare shi ba tare da sun san shi ba.

Ta uku ita ce ta tarbiyya. Ana fargabar kada bakin ruwa ya zama matattarar shaye-shaye da cakuɗuwar maza da mata. Wannan fargaba tana da tushe, domin an ga yadda wasu wuraren shaƙatawa suka lalace. Maganinta shi ne wurin ya kasance a hannun mutanen gari, ƙarƙashin idon dagatai da masu unguwanni da limamai, a buɗe da hantsi a rufe kafin magariba, a ware jirgin iyali da na ɗalibai, a kuma ware ranaku ko lokutan mata. Wurin da magidanci ke zuwa da matarsa da 'ya'yansa da kansa yake korar ɓata-gari. Kangon da babu kowa shi ne mafakarsu.

6.0 Hanyar da Za a Bi

Matakin farko yana hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda madatsar Tiga ke ƙarƙashin kulawarta. Ita ce za ta ware mashigi ɗaya ko biyu na jama'a, nesa da bangon madatsa da ƙofofin sakin ruwa, a kafa alamun iyakar da jirgi ba zai wuce ba. A gina matakala ta siminti ko ta ƙarfe yadda mutum zai shiga jirgi ba tare da ya taka ruwan gaɓa ba, domin a nan dodon-koɗin da ke yaɗa tsargiya yake zama. Rumfa da makewayi da wurin salla sun isa a fara.

Mataki na biyu shi ne mallakar jiragen ta zama ta ƙungiyar gama-kai ta masunta da 'yan fito, ƙarƙashin Sarkin Ruwa. Bahaushe ya san adashi, ya san haɗa hannu a sayi injin ban-ruwa ko na casar shinkafa. Abin da mutum ɗaya ba zai iya saya ba, mutum talatin za su iya. Ƙananan hukumomin Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa za su iya tallafawa da rigunan ruwa, manya da na yara, da jirgin ceto guda ɗaya mai inji. Kuɗin wannan duka bai kai na motar alfarma ɗaya ba.

Mataki na uku shi ne a ƙera jiragen a gida. Ba a son a koma saran manyan itatuwan Falgore domin fafe kwale-kwale, dajin ya riga ya sha wuya. Amma kafintoci na iya haɗa jirgin katako mai faɗin ciki, 'yan walda na Kano kuma, waɗanda ke ƙera tankunan ruwa da bodin manyan motoci, na iya ƙera na ƙarfe mai ɗakunan iska da ke hana shi nutsewa ko da ruwa ya shige shi. A nan ne jami'o'inmu suke da rawar takawa. Sassan injiniya na Jami'ar Bayero da na Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Ɗangote da ke Wudil za su iya fitar da zanen jirgin da ya dace da tafkin, su gwada shi, su rubuta adadin mutanen da zai ɗauka. Cibiyar koyar da kula da baƙi da yawon buɗe ido ta ƙasa tana da reshe a Bagauda, kuma horar da matuƙa yadda ake karɓar iyali da ba da taimakon gaggawa aiki ne da bai fi ƙarfinta ba.

Mataki na huɗu shi ne farashi. A sake yin lissafin misali. Jirgi mai kujera 12, kowace kujera naira 500, zagayen rabin sa'a kusa da gaɓa da filafili. Magidanci mai mutum shida zai biya naira 3,000. Idan jirgin ya yi sahu goma a ranar biki, ya tara naira 60,000 ba tare da ya ƙona litar mai ko ɗaya ba. Mai son jirgin inji ya yi nisa cikin tafki sai ya biya abin da ya fi haka, rarar ta tallafa wa kujerar ɗalibai. Makarantun firamare da na Islamiyya na yankin za su iya kawo yara a ranakun da babu cunkoso, su ga madatsar da suke karantawa a littafi, su ji yadda ruwan ke tafiya har gonakin Kura.

7.0 Kammalawa

Tsadar jirgin shaƙatawa gaskiya ce da lissafi ya tabbatar, kuma tushenta yana cikin canjin dala da farashin mai da dogaro ga kayan waje, abubuwan da ba a Badafi ko Tiga za a warware su ba. Abin da za a iya warwarewa a nan shi ne hanyar isa ga ruwan. Tafkin yana nan tun 1974, masuntan da suka san shi suna nan, maƙera suna nan, iyalan da ke neman inda za su kai 'ya'yansu ranar Sallah su ma suna nan. Abin da ya rage shi ne hukumar da ke riƙe da madatsar ta ware mashigi, ƙananan hukumomin nan huɗu su sayi rigunan ruwa, sarakunan ruwa su tsara mutanensu, a kuma tsaya tsayin daka a kan adadin fasinja da lokacin tashi. Idan aka gwada da jirgi biyu a Sallah guda aka ga yadda jama'a suka karɓa, sakamakon zai nuna ko a ƙara ko a gyara. Jikokin mutanen da aka tasa domin a tara wannan ruwa sun cancanci a yi musu wannan gwaji.